Inda Karfasa Ke Goyo

Sanduna goma sha tara ne, na gora, kowace da tsumma ɗaure a kanta. Bayansu akwai wani lungun ruwa mai ciyawa, bai fi gona uku ba in aka haɗa, zurfinsa kuma bai wuce ƙirjin mutum ba. A da wata huɗu ake barinsa a shekara, daga saukar damina zuwa yankan gero, ba a jefa masa raga. Gida wajen sittin ne a sabon garinmu na bakin dam ɗin Tiga ke cin abin da ke fitowa daga lungun nan, ban da mu masu saye mu kai birni. Mai tsaronsa kuwa mutum ɗaya ne tak. Ba shi da rawani, ba shi da takardar hukuma, ba ko ɗan doka ɗaya a bayansa. Kawuna ne, yayan mahaifiyata. Yau wata biyu ke nan da muka kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya sa can ta fi masa nan.

Ni dillalin kifi ne. A da kifin banda nake saye a bakin ruwa in kai Kano. Ba gado na yi ba, da kwando ɗaya a ka na fara. Dogon rubutu ba aikina ba ne. Abin da na ji a wurin zaman makoki shi ya sa na ga in ban rubuta ba, nan da shekara biyar za a mayar da Kawu wani mutum dabam, wanda kowa ya so, kowa ya bi maganarsa. Ba haka aka yi ba.

Sabon garin ba shi da itacen da ya isa inuwa, don haka rumfar kara aka kafa a ƙofar gida. Mutane sun zo daga Bebeji da Kiru da Ƙofa, har da wasu tsofaffi biyu daga Doguwa da suka yi sana'ar su tare da shi tun suna samari. Su biyun nan ba su yi dogon zance ba. Suka ce, "Ya haƙuri?" Suka yi addu'a, suka zauna har la'asar, suka tafi. Su na yarda da gaisuwarsu.

Sauran kuwa, na gida. Babban mai taru na garin ya faɗo rumfar yana sharɓar hawaye.

"Wayyo, bango ya faɗi! Yau ruwan nan ya zama maraya!"

Na dubi ƙafarsa. Ɓawon 'ya'yan kifi ne ya bushe a ƙaurinsa yana ƙyalli. Daga bayan sandunan Kawu ya fito, ko wanke ƙafa bai tsaya yi ba.

Mai unguwa ya gyara zama ya ce, "Ai abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Duk abin da ya faɗa mana sai da muka gani." Aka ce haka ne, haka ne. Shi ne fa mutumin da ya riƙa cewa a ƙyale tsoho da rigimarsa, tsufa ne.

Ranar sadakar uku, ana rabon gumba, wani ya matso kusa da babban ɗan Kawu, wanda yake taubashina. Ya rage murya, amma ina ji.

"Gorar nan ta cikin ruwa fa, in ba ku da abin yi da ita, ina da rufin ɗaki."

Taubashina bai dube shi ba. Ni ya juyo ya duba.

"Bawana, ka ji?"

"Na ji."

"To ba shi amsa mana. Ai kai ka iya magana a cikin mutane."

Tun muna yara yake ce mini bawansa, ni ɗan mace shi ɗan namiji, kuma kullum da dariya muke rabuwa. Ranar ba wanda ya yi dariya. Ban kuma ba mai rufin ɗaki amsa ba, don ba ni da bakin ba shi. Zan zo kan dalilin.

Kafin dam, tsohon garinmu a bakin kogi yake. Da rani kogin yakan ƙafe ya bar gurbi ɗaya mai zurfi, kuma ba mai shiga gurbin nan sai ranar da gidan su Kawu suka ce a shiga. Uban Kawu ne ke buɗe kamun kifin a da, da ya rasu Kawu ya karɓa. Ba sarauta ba ce. Aiki ne kawai da aka san gidansu da shi, kamar yadda aka san wani gida da ɗori. Noma yake yi kamar kowa, gero da dawa da ɗan rogo a fadama.

Yana da ɗabi'a biyu da duk wanda ya san shi zai faɗa maka. Ta farko, ba ya wuce raga bai zura yatsu a idonta ba. In yatsa uku suka shiga, sai ya wuce. In ba su shiga ba, sai ya tsaya ya nemi mai ita. Ko a kasuwar Tudun Wada ya ga raga rataye a rumfar wanda bai sani ba, sai ya zura. Na taɓa ganin wani mai rumfa ya ce masa, "Baba, saye za ka yi?" Ya ce, "A'a, ina duba ko kai mai tsoron Allah ne."

Ta biyu, duk karfasar da ta faɗo hannunsa da damina sai ya danna mata baki da babban yatsa ya leƙa. Wanda bai san ruwa ba bai san karfasa a baki take goyo ba. In ta yi ƙwai sai ta kwashe su cikin bakinta, ta daina cin abinci, ta yi ta yawo da su har su ƙyanƙyashe. Ko bayan sun fito, in suka ji motsi, cikin bakinta suke komawa. In Kawu ya leƙa ya ga ƙwai ko 'ya'ya, sai ya mayar da ita ruwa a hankali, da hannu biyu, ba jifa ba. Yakan ce, "Wanda ya ci mai goyo bai ci kifi ba, gari ya ci."

Matarsa, wadda muke kira Inna, tana da labarin da take bayarwa har yau, rabi tana dariya rabi tana tsaki. Surukai ne suka zo daga Ɗansoshiya ba zato, ba nama a gidan. Kawu ya fita da komarsa ta kamun kifi ya dawo da karfasa guda, babba, wadda za ta ishi baƙi. Har ya shigo zaure sai ya tuna bai leƙa ba. Ya leƙa. Ya juya da gudu da ita a cikin ƙwarya.

"Malam! Ina za ka kai ta? Baƙi ne fa a gidan!"

"Ita ma da baƙi a bakinta, sun fi naki yawa."

Da miyar kuka tsura aka sallami surukai.

Sai shekarun fari suka zo, gero ya ƙone a tsaye, shanun Fulani suka yi ta faɗuwa a hanya. Bayansu aka gama dam. Ba zan ce dam bai yi rana ba, ni ba mai butulci ba ne. Mutanen da da rani ba su da aiki sai zaman dandali yanzu suna fitar da tumatir da albasa. Amma garinmu ruwa ya ci shi, da gonaki da masallaci da makabarta. Aka sare itatuwa kafin ruwa ya hau, aka kwashe mu a manyan motoci aka zube a kan tudu. Wani ma'aikaci ya zo da lasifika ya ce wannan shi ne ci gaba, ruwa ne da jikokin jikokinmu ba za su ga ƙarshensa ba.

Shekara biyun farko kuwa kamar gaskiya ya faɗa. Kifi ya samu ciyawa da ruɓaɓɓen kara ya yi ta haihuwa. Mutumin da bai taɓa riƙe filafili ba ya sayi kwalekwale. Baƙin masunta suka sauko daga arewa, inda nasu ruwan ya janye da fari, da dogayen tarunsu na roba. Tarwaɗa da ragon ruwa da karfasa, har sai an rasa itacen banda. A shekarun nan na tashi daga kwando na koma ɗaukar shatar mota.

Kawu bai yi murna ba, bai kuma yi kuka ba. Yawo ya shiga yi a kwalekwale yana leƙen ruwa, har ya gano inda karfasa ke taruwa da damina: tsohuwar fadama, inda ruwa bai da zurfi, ga ciyawa, ga ɗumi. Ya zo ya faɗa wa mutane ƙarara, a bar wurin nan wata huɗu, shi ne rumbun dam ɗin duka a ɓangarenmu. Aka yi masa dariya.

"Baba, wannan ba gurbin garinku ba ne. Teku ne. Wa ya taɓa ƙarar da teku?"

Bai ja da su ba. Ya tafi dajin wajen Doguwa ya saro gora, ya kafa sanduna, ya ɗaura tsummoki. Damina ta farko ba wanda ya kula su. Ta biyu sai wani baƙon masunci ya tambayi wata tsohuwa mai sayar da fura ko sandunan mene ne. Ita ma ba ta sani ba, ta ce, "Ƙila makabartarmu ce yake wa alama." Kafin Juma'a magana ta zaga. Ruwa ya shafe duk wata alama, ba kuka, ba tsamiya, ba rijiya, mutum ya tsaya a bakin dam ba zai iya nuna inda ɗakin uwarsa yake ba. Kowa ya yarda. Wa zai ja taru a kan kabarin ubansa? Baƙin ma suka riƙa kaucewa, wasu har da ɗaga hannu su yi addu'a in za su wuce.

Kawu bai ce i ba, bai ce a'a ba.

Ni na san gaskiyar maganar ne ta hanyar alherin da ya yi mini. Mahaifiyata ta rasu ina kudu da kaya. Kafin in dawo an binne ta, an kwashe gari, ruwa ya hau. Ban taɓa tsayawa a kan kabarinta ba. Ban faɗa wa kowa abin yana cina ba, amma shi ya gani. Wata rana da hantsi ina awon kaya ya zo ya ce, "Bar wannan, shigo jirgi."

Ya yi ta tuƙi. Muka wuce sanduna, bai tsaya ba. Muka yi nisa har tsakiyar ruwa, inda gora ba ta taɓa ƙasa. Ya riƙa waiwayen wani dutse da ke bayanmu, yana daidaita shi da wani tudu da ke gaba, ya ɗan koma hagu, ya ɗan ja baya. Sannan ya ɗora filafili a cinya.

"Nan ne. Ƙanwata tana ƙarƙashinmu, kusa da kakarka. Yi mata addu'a."

Na yi. Na daɗe. Shi ma ya yi. Bai dube ni ba har na gama share fuska, ya ba ni lokaci yana gyara igiyar da ba abin da ya same ta.

A hanyar dawowa na ce, "To Kawu, sandunan can fa?"

"Can karfasa ke goyo."

"Mutane sun ce makabarta ce."

"Ka taɓa ji a bakina?"

"Ba ka hana ba."

Ya yi tuƙi uku ko huɗu kafin ya amsa. "Shekara guda na yi ina faɗa musu gaskiya suna dariya. Mutanen nan matattu suke jin kunya. Ba sa jin kunyar jikokinsu." Can ya ƙara, "Wannan tsakanina da kai ne, ɗan nan."

Na ce to.

Daga nan manyan kifi suka fara ja da baya a ko'ina ban da kewayen sanduna. Ba wanda ya ce a rage kamu. Idon raga aka rage. Daga yatsa uku aka koma biyu, daga biyu aka koma ɗaya. Ana nan wani ya kwance gidan sauron matarsa ya shiga ruwa da shi. Abin da gidan sauro ke tacewa ba kifi ba ne, 'ya'yan kifi ne, kamar ganyen tsamiya. A shanya a kan dutse, wuni ɗaya sun bushe. Da farko mata ne ke dakawa a miya. Ni ne na samo musu kasuwa. A lokacin an fara gidajen kajin turawa a gefen Kano, masu su suna neman abin da za su niƙa a cikin dusa. Na kai buhu ɗaya gwaji, suka ce in kawo ko nawa ne. Kafin damina ta ƙare ba gidan da ke da gidan sauro a kan gado, duk suna ruwa, yara suna kwana sauro na cinsu.

Wani ma'aikaci ya taɓa zuwa da takarda a kan girman idon raga. Ya karanta da Turanci, aka fassara, aka ba shi fura ya sha, aka sa masa kwandon banda a bayan mota. Ba mu sake ganinsa ba.

Lungunan da ke kusa aka tace su tas. Masu kawo mini kaya suka fara cewa saura wuri ɗaya, kuma ba dama. Ina jinsu ina shiru. Ba zan ce abin bai ɗarsu a raina ba, amma ban yi niyyar faɗa ba. Allah ya sani.

Ranar kasuwar bakin ruwa ce, rumfata cike da mutane. Sai ga Kawu. Ya yi sallama, ya kwance bakin buhu guda, ya ɗebo cikin hannu, ya kamo hannuna ya zuba mini.

"Ƙirga mini."

"Kawu, ana jirana."

"Su jira. Ai ka iya ƙirga, da shi ka yi arziki."

Na ƙirga har ɗari na tsaya, da saura a tafina.

"Kowanne da an bar shi, baɗi war haka ya cika faranti. Abincin gida ɗari ke nan za ka ba kaza ta sha a tsaye."

Aka fara dariya. Waɗanda suka kawo mini buhunan su suka fi kowa dariya.

"Kawu, ni ban shiga ruwa ba. Saye nake."

"Ɓarawo ma, da ba mai saye, da ya koma noma." Dariya ta ƙaru. Ya dubi mutane ya ce, "Ƙanwata ba ta haifi ɓarawo ba, na shaida. Rumbun ɓarayi ta haifa."

Da ya tsaya a kan kaza da na haɗiye. Uwata da ya ambata a kasuwa shi ya rufe mini ido.

"Tunda ka ambaci uwata, Kawu, faɗa musu inda take. Faɗa musu ko a bayan sandunanka take."

Dariya ta ɗauke. Babban mai taru ya ce, "Me kake nufi?"

A nan ina da damar yin shiru. Na ga damar, na san ita ce, na wuce ta. Na miƙa hannu na nuna.

"Makabarta tana can tsakiyar ruwa, daidai dutsen can. Shi ya kai ni da kansa. Bayan sanduna ba kowa sai kwaɗi."

Duk aka juya ana kallon Kawu. Da ya ƙaryata ni da shi za a yarda, ba ni ba. Ya ce, "Gaskiya ya faɗa." Ya sunkuya ya ɗaure bakin buhun kamar yadda ya same shi, ya yi sallama, ya tafi.

Abin da ya biyo baya har yau ban manta shi ba. Mutanen da la'asar ke wuce su a cikin ruwa ba su sani ba, a yammacin nan duk suka zama malamai. Ashe tsohon nan yaudararmu yake. Ashe da matattu yake wasa. Subhanallahi, da furfurarsa. Aka tafi wurin liman. Liman ya faɗi magana biyu: ya ce bai kamata Kawu ya bar mutane cikin kuskure ba, ya kuma ce ɓarna a ruwa ko a tudu haramun ce, a bar wurin kamar yadda aka saba. Ta farkon suka ɗauka suka fito da ita. Ta biyun a zauren liman suka bar ta.

Washegari kafin rana ta yi zafi fadama ta koma kunu. Maza da mata da gidajen sauro, kafaɗa da kafaɗa, suna tafe suna tacewa. Karfasa in aka ɗaga ta sai ta tofar da 'ya'yanta don tsoro, su zube cikin gidan sauron, uwa a kwando ɗaya, 'ya'ya a wani. Na tsaya a bakin ruwa na gani da idona. Da yamma aka kawo mini, na saya. Ba zan ɓoye ba. Damina biyu ina saye.

Kawu bai cire sandunansa ba. Kowace damina yakan sake musu tsumma. Da safe ya tuƙa ya je ya zauna a tsakaninsu, ana jan taru ta gefen kwalekwalensa ana ce masa, "Sannu da aiki, Baba." Ya amsa. Wani lokaci ya ce, "Ba ni mai goyon nan, don Allah." A cikin goma mutum ɗaya ya ji nauyi ya miƙa masa, sauran su juya baya su rufe kwando. Wadda ya mayar ruwa, taru na gaba ya kwashe ta.

Ni kuwa bai sake yi mini maganar ba. In mun haɗu ya amsa gaisuwata cikakkiya, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Da matata ta haihu shi ya fara zuwa barka. Da zagina ya riƙa yi da na fi samun sauƙi.

Na daina sayen 'ya'yan kifi a damina ta uku. Kada wani ya yaba mini. Na daina ne lokacin da abin da ake kawowa bai isa cika mota ba.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi. Na je da goro da sukari, na same shi a jingine da bango, Inna tana masa fifita. Ta ba mu wuri. 

"Kawu, ka yafe mini."

"Nawa na yafe tun a ranar. Ni na jawo, na taɓa uwarka a kasuwa, ban kyauta ba. Shirun da na yi wa mutane ma, ina jiran tambayarsa." Ya yi tari, ya huta. "Na ruwa kuwa, ba ni ke da shi ba, balle in yafe."

"To wa zan roƙa?"

"Ba a haife su ba tukuna."

 Sai ya sauya zance ya taimake ni, kamar yadda ya saba.

"Kajin dai sun yi ƙiba?"

"Sun yi, Kawu."

"To madalla. Wani dai ya ƙaru."

Kwana tara bayan nan ya cika, da rana tsaka, da kalmar shahada a bakinsa.

Da arba'in ta matso, Inna ta aiko daga ɗakin takaba. Ta ce mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan ruwa ba za a yi sadakarsa da miya tsura ba, a nemo kifi a yi tuwon shinkafa. Taubashina ya fita da kwalekwale biyu da ragar ubansa. Kwana uku suna yi. Abin da suka tara bai rufe gindin kwando ba. Ya zo rumfata ya ajiye a gabana.

"Bawana, ga na dam. Saura naka."

Na hau mota zuwa Kano. A can an fara sayar da wani kifi na ƙanƙara a cikin kwali, wanda jirage ke kamowa a teku. Na sayi kwali biyu. Mai shagon yana ɗaure mini yana cewa, "Alhaji, in da hali ƙara ɗaya. Masu kawowa sun ce can ma ja da baya yake, sai jirgi ya yi nisa kafin ya samu." Na ce ashe teku ma ana ƙarar da shi. Ya ɗauka wasa nake.

Inna ta sa aka kai mata ɗaya ta gani. Ta juya shi, ta shinshina.

"Wannan ɗan wane ruwa ne?"

"Ban sani ba, Inna."

"To. A dafa."

Aka dafa, aka ci a ƙarƙashin rumfa, ga dam shimfiɗe a gabanmu iya ganin ido. Aka yi ta suɗe yatsa ana yabo, wai ba ƙaya, wai ga mai. Aka shafa fatiha. Ina neman takalmina sai babban mai taru ya riƙo hannun rigata.

"In za ka koma, ka taho mini da kwali biyu mana. In gwada a nan. Ai zai shiga."

Na dube shi. Na ce zan kawo. Na kuma kawo, ya shiga. Yanzu sana'ata ke nan: in ɗauko kifi daga birni in sayar wa masunta a bakin ruwansu.

Ni ɗan kasuwa ne, ba na barin ciniki ban san inda na tsaya ba. Abin da na samu: damina biyu na cikakkiyar mota, da rufin kwano, da babur ɗaya da yanzu yake jingine ba ya tashi. Abin da na bayar: ruwan gari guda, da abincin waɗanda ba su zo ba tukuna, da amanar mutumin da ya kai ni kan kabarin uwata. Shekara ashirin ina ciniki, an cuce ni a kudu, an cuce ni a arewa, amma ba a taɓa faɗar da ni kamar a wannan ba. Kuma ba wanda zan kai ƙara, don ni na yi tayi, ni na sallama.